Ba a Nuna Gawar Mai Tukunya Ba

Bana shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Tanimu, ƙanin mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Niyyata in yi masa rubutu irin na manya, wanda mutum zai karanta ya ajiye jarida ya yi tagumi. Na ɗauko waya na fara ke nan, sai mai shagon turin fim na layinmu a Panshekara ya leƙo ya ce min na huɗu ya fito, har an fassara shi da Hausa. Shi ke nan rubutun manya ya watse. Duk wanda ya san Kawu ya san in dai tuna shi za a yi, to ta nan za a bi.

Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayani. Fim ne na ƙasar waje mai kashi-kashi. Wani zabgegen mutum, wanda Kawu ya raɗa wa suna Dogo, shi da ayarinsa suna yawon neman wani birni da ya ɓace. Kogi, dutse, macizai, da gadar igiya wadda ba ta tashi tsinkewa sai an zo tsakiyarta. A cikin ayarin akwai wani gajere mai tumbi da yake dafa musu abinci, kullum da tukunya ɗaure a bayansa. Duniya duk Dogo take kallo. Kawu shi Mai Tukunya yake kallo.

Kuma yana da hujja. Kawu ya yi shekaru a tsaye a kan injin buta da bokiti a wani kamfanin roba a Sharada, ya san abin da ciki yake yi wa ɗan Adam. Cewa yake, "Mutum ya tsere wa zaki, ya haye dutse, ya yi iyo, bai sa ko loma a bakinsa ba? Ni da nake tsaye wuri ɗaya, kafin azahar bokiti biyu-biyu nake gani." Saboda haka ma'aunin fim a wurinsa ɗaya ne: an ci abinci ko ba a ci ba.

Da wannan ma'aunin na ɗaya ya fi kowanne, don an zauna an ci, har wani ya nemi ƙari. Na biyu hayaniya ce da fashe-fashe, amma Kawu ya yafe masa saboda wuri guda: Mai Tukunya ya rafka wa mugu tukunya a ka, sannan ya tsuguna ya wanke ta. Sai da Kawu ya sa na mayar masa da wurin baya, yana cewa, "Ka ga ɗan gidan mutunci." Na uku shi ya kawo fitina. Dab da ƙarshe gada ta tsinke, Mai Tukunya ya faɗa kogi. Tukunya ta taso tana yawo a kan ruwa, shi bai taso ba.

A nan Baba Isuhu ya shigo. Mutumin Damagaram ne, inji ɗaya suke riƙewa da Kawu, Kawu aikin safe, shi na yamma. Ba sa haɗuwa sai wajen miƙa aiki, ɗan lokacin da mai tashi zai gaya wa mai kamawa halin da inji yake ciki: ya yi zafi ko bai yi ba, roba ta kusa ƙarewa ko da saura. Ga ƙarar inji, sai an ɗaga murya. Ga shi kuma Bakano da Badamagare, abokan wasa tun kaka da kakanni. A wannan ɗan tsakanin suka kafa musu, suka yi ta jan sa shekara da shekaru.

"Inji lafiya lau. Kuma bai mutu ba," in ji Kawu yana cire safar hannu.

"Bakano, ruwa ya ci mutum kana cewa bai mutu ba? Ko kai ka tsamo shi?"

"An nuna gawa? Ka ga gawa, ɗan Damagaram?"

"Tukunyarsa ma ta yi masa ta'aziyya!"

Akwai ranar da wani sabon sufabaiza ya jiyo ana "ya mutu" ana "bai mutu ba" a gindin inji. Bawan Allah ya rugo ya kashe injin, yana tambayar wa ya faɗa ciki. Da aka yi masa bayani bai yi dariya ba. Kawu kuwa har ya bar duniya yana cewa laifin sufabaizan ne, da bai kalli na uku ba.

Kawu ya kwanta 'yar gajeriyar jinya, Allah ya karɓi abinsa. Bai bar min wasiyya a kan fim ba, kada in yi masa ƙarya. Amma ni nake tura masa su a waya, ni nake mayar masa baya, don haka da na karɓo na huɗu sai na zauna kallonsa kamar mai duba sakamakon jarrabawa. In Mai Tukunya ya fito, Kawu ya ci. In bai fito ba, an kayar da mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa.

To, na kalla. Dogo ya tsufa, gudunsa kamar na mai ciwon gwiwa da yake bin adaidaita. 'Yarsa ce yanzu take jan ayari, kuma yarinyar ta iya, ban rage mata ba. Sai dai komai na kwamfuta ne. A faɗa ruwa a fito riga a bushe. Macijin ya kai tirela girma, amma bai ba ni tsoron da ɗan ƙaramin na ɗaya ya ba ni ba. Ya fi na biyu tsari, wannan gaskiya ne, amma bai kama ƙafar na ɗaya ba, kuma ba shi da abin da zai riƙe maka zuciya kamar na uku. Abinci fa? Daga farko har ƙarshe ba wanda ya ɗora tukunya. Sau ɗaya yarinyar ta gutsiri wani abu a leda tana gudu. Da Kawu yana nan, da ya koma shagon turi ya ce a goge masa. Da ma na san ba zai ji daɗin wannan zamanin ba, da ake kallon fim guntu-guntu ana zame shi da ɗan yatsa kafin a kai ga bismillar cin abinci.

Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Tun a farkon fim aka nuna Dogo tsaye a gaban wani tarin duwatsu, an kife tsohuwar tukunya a kai, yana share hawaye. Kabari. An kayar da Kawu.

Na yi ta jujjuya abin. A ƙarshe na ce haƙƙin Baba Isuhu ne ya ji ya ci. Na tashi da wuri daga wurin aikina a Bompai, na hau adaidaita zuwa Sharada, na tsaya gefen mai sayar da shinkafa da wake a bakin get ɗin kamfanin. Yanzu shi yake aikin safe, gurbin Kawu. Ya fito da furfura fiye da yadda na san shi. Muka gaisa, na miƙa masa waya na ce, "Baba, ku duba. Kun yi nasara."

Ya kalla, ya ce in mayar baya. Ya sake kalla, ya matso da wayar har hancinsa.

"Wa ya haƙa kabarin?"

"Ba a nuna ba, Baba."

"An nuna gawa?"

"Baba, ku ne fa kuka yi shekaru kuna cewa ya mutu!"

"Na faɗa. Lokacin Tanimu yana riƙe da wancan gefen. Yanzu wa ke can?" Ya miƙo min wayata. "Tanimu na gani da idona, da ni aka ɗauki makararsa. Wannan kuwa duwatsu ne da tukunya."

Na karɓi wayata. Shi kuma ya juya yana kallon masu shiga get, ya daɗe bai waiwayo ba.

Kawu bai bar gida ba, bai bar mota ba. Butocin da injinsa ya fitar sun bazu a masallatai da gidaje, ba wadda take ɗauke da sunansa. Abin da na ga ya bari shi ne wannan: wani dattijo ɗan Damagaram da ya gwammace ya saki nasararsa da ya bar gefen abokinsa ba kowa. Allah ya kai haske kabarin Kawu, ya sa ya huta daga tsayuwa.

Da zan tafi na ga musun zai mutu in ba a samu mai riƙe ɗaya gefen ba. Sai na daure na ce, "Baba, ni dai a ganina ya mutu."

Fuskarsa ta washe. Ya gyara tsayuwa, ya nuna ni da yatsa.

"Ɗan Kano, me ka sani? Saya mana shinkafa, zauna in yi maka bayani."