Makin da Na Zuba a Kama Kurwa

Laftof ɗin ta yayana ce. Ya aiko mini da ita daga Kaduna bayan ta gama gajiya a hannunsa, batirinta ba ya riƙe wuta ko na tsawon alwala. Shi ya sa take zama a shagon abokina a Yelwa, inda yake gyaran waya, don yana da sola. Tare muka yi firamare da shi. Innata kifi take soyawa ta sayar a ƙofar gida, kuma tun muna yara shi ba ya jiran a ce masa bismilla, hannu kawai yake miƙawa cikin tire.

A cikin laftof ɗin akwai wani gem, wasan kwamfuta, da yayana ya bari, irin wanda za ka zaɓi jarumi ɗaya ka shiga da shi kogo-kogo kana kashe dodanni. Akwai mai takobi, akwai mai baka, akwai mai jifa da wuta. Ni na ɗauki wani siriri mai farin gashi wanda aikinsa tayar da gawa. Lalaci ne ya sa. Na ga in ka kashe maƙiyi sai ka tashe shi ƙwarangwal ya dinga yi maka faɗa, kai kana baya kana kallo kamar mai gona da 'yan ƙwadago. Abokina ya leƙo ya ga hotonsa ya ce, "Wanga ai maye na." Muka yi dariya, sunan ya bi shi.

Duk lokacin da mayen ya hau mataki sai a ba ka maki ka zuba a dabarar da kake so ya ƙware a kai. Makin ba shi da yawa, in ka watsa shi ko'ina sai ka tashi da maye ɗan taɓa nan taɓa can, ba abin da ya iya sosai. Za ka iya ƙara yawan ƙwarangwal ko ka ƙara musu ƙwari. Akwai mashin ƙashi da kake jefawa da kanka, akwai la'anar da ke rage wa dodo gudu, akwai fasa gawa ta tashi da na kusa da ita. Sai wata a can gefe, wadda ke zuƙe ran maƙiyi ta zuba maka a naka. Bayan la'asar muke wannan gardama, kwastoma na tsaye da waya a hannu, mu muna musu a kan ƙasusuwa.

Ni duk makina ƙwarangwal nake ba wa. Abokina kuwa kullum sai ya ce, "Ƙwarangwal ɗinka kaji na, babban dodo na hura iska su watse. Zuba ma kama kurwa, mutumina." Shi ya raɗa wa dabarar zuƙe ran wannan suna, da bakinsa, ni ban taɓa kiran ta haka ba kafin shi. A maganar gem kuma gaskiyarsa ce. Da na juya makin zuwa can, mayen ya daina mutuwa kamar ɗan tsako.

Ranar da na kayar da babban dodon da ya daɗe yana wulaƙanta mu, na miƙe tsaye a shagon ina buga ƙirji. "Na kama kurwarka! Na shanye jininka tas! Ku tashi, bayina, ku hito daga ƙasa!" Ashe abokina yana ɗaukata da waya. Ta gaba ya ɗauka, ba a ganin laftof, fuskata kawai da jajayen idanu na kallon allo. Ya ɗora a guruf ɗin samarin unguwa, ya rubuta a ƙasa wai mayen unguwarmu ne.

Samari sun gane, sun yi dariyarsu. Amma bidiyon bai tsaya a nan ba. Ya faɗa wayoyin matan aure, ya kai hannun tsofaffin da ba su taɓa jin wani abu wai gem ba. A wurinmu kuwa an yi imani a nonon uwa ake shan maita. Don haka ba wanda ya tsaya duba ni, Inna aka juya aka kalla.

Inna 'yar wani ƙauye ce ta wajen Warra, Bakambara. Mahaifinta har ya rasu addinin kakanni yake yi. Ita ta musulunta tun kafin aurenta, ta tsufa a unguwar nan, ta yi wa rabin matanta wankan jego, amma da faɗa ya haɗa ta da wata sai a tuna mata daga inda ta fito. Abokina ya san wannan sarai. Kifi ya fara kwana a tire. Yaran da ke zuwa saye aka dinga aika su layi na gaba. Ana cikin haka 'yar maƙwabciyarmu ta kwanta zazzaɓi, cikin zafin jiki ta ce tana son kifin Inna. Wannan kalma ɗaya ta ishe su.

Na sami abokina a shago na ce ya zo zauren mai unguwa ya faɗi gaskiya, cewa wasa ne, shi ya ɗauka, shi ma yana bugawa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba, Inna ai uwata ta. Ina nan tahe." Ya zo kuwa. Sai dai mahaifinsa ma yana cikin dattawan zauren, malamin da ke karantarwa a masallacinmu, wanda ya ɗauka ɗansa gyaran waya kawai yake yi daga safe zuwa magariba.

Na kunna laftof don su gani da idonsu. Allo ya nuna kaburbura da kyandir, ƙwarangwal na fitowa daga ƙasa, dattawa suka ja baya suna a'uzubillahi. Na ga abin ya ƙara lalacewa, yanzu sai shaidar baki. Mai unguwa ya dubi abokina ya ce, "Yaro, kai kaɗ ɗauki hoton. Mi shika yi?"

Ya kalli mahaifinsa, ya sunkuyar da kai. "Ranka shi daɗe, ni dai na ishe shi shina hwaɗin hakanan. Ban san mi shika nuhi ba. Na'urar ma tashi ta, ajiya yab ba ni."

Har yau in na tuna wannan ajiya raina tafasa yake. Mutumin da ya zaɓa mini inda zan zuba maki, ya sa wa dabarar suna, ya girma da man kifin uwata a yatsunsa. Tsoron faɗan uba ne kawai, faɗan da bai wuce na yini ɗaya ba, shi ya fi masa mutuncin Inna nauyi. Daga baya ya turo saƙo wai in yi haƙuri, na san halin Malam.

Washegarin zaman zauren mata suka zo gidanmu da roƙo. Al'adar ita ce wanda ake zargi ya tsallake mara lafiya, wai ta haka yake sakin kurwar da ya kama. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba inda za ta. Inna ta yafa mayafinta ta ce, "Kauce. In na ƙi, ɗiyag ga tam mutu, ni nik kashe ta. In na tsallaka, suna dai za su ba ni."

Na bi ta. Ta cire takalmi a bakin ɗakin, yarinyar na kwance a tabarma, mata sun cika tsakar gida. Inna ta ɗan tattare zaninta ta tsallaka. Da yammar nan uban yarinyar ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti, aka ce zazzaɓin sauro ne, aka ɗaura mata ruwa aka yi mata allurai. Na yi addu'a ta warke, ina sane da abin da warkewar za ta jawo.

Ta warke. Uwarta ta zo da kwanon shinkafa, ba ta shigo ba, daga bakin zaure ta durƙusa ta ajiye. Da zuciya ɗaya take magana, har da ƙwalla. Ta ce, "Inna, mun gode da kinka sake ta."

Inna ta sa hannu biyu ta ɗauki kwanon. Ta ce, "Allah shi ƙara sauƙi."