Littafi mai koren bango

Jiya da hantsi ina tankaɗe, Sale ƙanin marigayi maigidana ya yi sallama da leda a hannu. Dawowarsa ke nan daga Kano.

Maigidana allo ya yi, bai iya karatun boko ba. Amma duk wata in ya je Kano sarin kaya sai ya taho mini da littafin Hausa, tunda a nan Anjamena ko ka zaga unguwar Bololo kaf da wuya ka samu. Da bango yake zaɓa. A haka ya kawo mini littafi ɗaya har sau uku, ni kuwa in karɓa ina ta dariya, ban taɓa gaya masa dalili ba.

Na buɗe ledar. Shi ne dai.

Sale ya ce, "Yaya, tun yana asibiti ya bar mini wasiyya. Ya ce kada a yanke miki karatun wata, kuma in nemi mai koren bangon nan, shi yake sa ki dariya."

'Yata Amina ta yi caraf, "Baffa, ai Umma tana da guda uk..."

Na take mata ƙafa. Na ce, "Gaskiya ya gaya maka, Sale. Allah ya saka da alheri."

Littafin fa ba na dariya ba ne, mutum uku ne suka mutu a ciki. Shi zan karanta wannan watan ma.

Sale ya ce wata mai zuwa zai koma Kano. Jama'a, in gaya masa gaskiya, ko in gyara wa na biyar wuri?