Duro Mai Huji Uku

Shekarar da muka tare a Gassi, can gefen babban birnin Cadi, babu famfo a unguwarmu, babu ma alamarsa. Maigidana ya sayi fili, ya ja katanga, ya yi ɗaki biyu, sannan ya koma fataucinsa tsakanin Nijar da Cadi, ya bar ni da 'yata mai shekara uku da randa guda ɗaya. Ruwa sai masu pus-pus, wato 'yan amalanke, sun turo shi a jarkoki, su ma in sun ga dama, don yashin layinmu yana riƙe musu taya. Ranar da ba su zo ba, haka zan zauna ina hararar randa kamar ita ta yi mini laifi.

Yayana mai walda ne a unguwar Diguel. Mu biyu kaɗai iyayenmu suka bari, jikokin mutanen da suka taso aikin hajji a ƙasa, suka iso nan suka ce bari a ɗan huta, hutun da har yau ba mu gama ba. Yaya mutum ne mai ji da hannunsa. Ka kawo masa tukunyar da ta zama rariya, zai maido maka ita tana riƙe ruwa, kuma sai ya tsare ka ka yaba kafin ya bar ka ka tafi. Ina tsokanarsa cewa da zai samu dama, da ya like bakin matan unguwarsu.

A farkon shekarun dubu biyu fara ta sauko wa ƙasar, gwamnati ta fito da maganin feshi. Daga baya ne na san yadda aka tsara abin, kuma a takarda ban ga aibinsa ba. Maganin ba a sayar da shi a kasuwa. Ma'aikata kaɗai ke taɓa shi, da safar hannu da abin rufe hanci. In duro ya ƙare, doka ta ce a sa diga a huda shi wuri uku don kada kowa ya sake zuba komai a ciki, a jibge a bayan katanga har a zo a murƙushe. A rediyo mun ji ana cewa kada a ci farar da aka tsinta a mace, kada a kai dabbobi inda aka yi feshi. Zancen duro kuwa, ni dai kunnena bai taɓa ji ba. Kuma duro ba shi da ƙafa, amma sai ga su sun tsallake katanga sun iso Diguel.

Wata safiya na ji sallamar Yaya, na leƙa na gan shi yana sauke wani shuɗin duro daga amalanke, fenti sai ƙyalli yake.

"Ƙanwata, fito ki ga birmil!" in ji shi. "Daga yau kin daina zaman jiran masu pus-pus."

Na leƙa ciki na ja hanci. "Yaya, ai wari yake kamar kananzir."

"Sau uku na wanke shi da toka da sabulu, na ƙona ciyawa a ciki. Warin fenti kike ji." Ya kamo hannuna ya ɗora a gindin duron. "Shafa nan. Kin ji wani abu? Huji uku ne a nan, wallahi. Hakuma ce da baƙin hali. Ƙarfe sabo fil, su sa diga su huda shi, don dai kada talaka ya mora."

Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Mun saba ganin an ƙone kayan da aka kama a kan iyaka, mun saba ganin an zubar da abin da mutane ke nema ido rufe. Da muka ga huji, mugunta muka gani, ba mu ga gargaɗi ba. Na sa masa albarka har ya ji kunya. Kafin sati ya zagayo, maƙwabtana biyu sun aika a yi musu irin nawa.

Duk da haka ban sha ruwansa ba. Wanka da wanki da wanke-wanke nake yi da shi, na sha kuma yana randa. Haka muka yi wata biyu lafiya lau, har na manta da zancen wari.

Sai bazara ta kankama, masu pus-pus suka ɗauke ƙafa kwana uku. Randa ta bushe ƙaf. A duro saura ɗan abin da ya kwanta a gindi. Na karkata shi, na ga wani maiƙo-maiƙo yana yawo a sama, na sa ƙwarya na yaɗe, na tace sauran da kallabina na juye a randa. Ranar ina ramuwar azumi, shi ya sa ko ɗigo bai shiga bakina ba. Yarinyar kuwa tana ta wasa a rana, tana dawowa tana cewa "Inna, almi," wato ruwa, ina ɗebo mata a moɗa. Da hannuna na ba ta, sau huɗu.

Kafin azahar ta fara amai. Yawu yana zuba kamar an buɗe famfo, gumi ya jiƙa rigarta, naman cinyarta yana rawa shi kaɗai. Na goya ta na fita titi ba ko takalmi, na faɗa motar haya na rungume ta. Wanda ya san motar Gassi ya san abin da nake nufi: sai ta cika za ta tashi, kuma kowane taku sai ta tsaya. Na yi roƙo, na yi zagi, wata tsohuwa ta yi ta tofa mata addu'a. Ina jin numfashinta a ƙirjina yana ƙara kamar ruwa na tafasa a ƙaramar tukunya.

A asibiti wata ma'aikaciya ta buɗe idon yarinyar, ta ga ƙwayar ta tsuke ta koma kamar bakin allura. Ba ta tambaye ni me ta ci ba. Cewa ta yi, "A wane birmil kuke zuba ruwa?" Yadda ta yi tambayar ya nuna mini ba ni ce ta farko ba. Sun yi mata allurai, sun yi iya yinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

Bayan addu'ar bakwai wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutum biyu suka shigo, ɗaya da takarda, ɗaya dattijo da diga a kafaɗa. Ma'aikatan feshin fara ne, asibiti ne ya sanar da ofishinsu. Mai takardar ya kankare fentin Yaya da wuƙa, sai ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a ƙasa. Dattijon ya kifar da duron, ya laluba da yatsa har ya gano inda aka like, ya sauke diga daidai wurin. Sau uku.

"Yanzu kuka san hanyar gidana?" na ce. "Ina kuke lokacin da ya fito daga bayan katangarku?"

"Madam, ki yi haƙuri," in ji mai takardar. "Mu hudawa aka ce mu yi, kuma mun huda."

"To ku kwashe abinku ku fitar mini da shi."

Ya ce motarsu ba ta ɗaukar irin wannan kaya, akwai wadda aka ware, za a aiko ta. Suka shiga gidajen maƙwabtana suka huda nasu, suka sa ni na dangwala yatsa a takardar da ban iya karantawa ba, suka tafi. Har yau ina jin haushin wannan dangwalen, kamar na sa hannu cewa aiki ya yi kyau.

Mota ba ta zo ba. Maƙwabtana suka gaji da jira suka ba masu sayen tsohon ƙarfe nasu, kuma na san inda suka ƙare, don ba Yaya kaɗai ya iya walda a garin nan ba. Shi kam bai sake taɓa duro ba. Yana zuwa gaishe ni duk Juma'a, ya tsaya daga bakin ƙofa, bai taɓa ƙarasowa tsakar gida ba. Ban ce masa ya shigo ba, ban kuma ce ya daina zuwa ba. In na tashi jin haushinsa, sai in tuna wanda ya riƙe moɗar.

Nawa duron na hana shi fita. Maigidana ya yi faɗa, ya ce ina ajiye baƙin ciki a gida. Na sa aka cika shi da yashi aka shafe bakinsa da siminti, yana nan kwance a jikin katanga. Shekaru bayan haka wata amarya da ta tare kusa da mu, su ma ba famfo, ta shigo ta tsaya tana shafa shi.

"Inna, wannan ai huji uku ne kawai," in ji ta. "Ki ba ni mana, in sa a like mini."

Na janye hannunta daga jikinsa, na kai ta bakin randa na wanke mata shi da sabulu, sannan na ce ta zauna ta ji labarinsa.