Sun Binne Yashi da Sunan Mahaifina

Shekara goma sha biyar ke nan da aka fita da gawar mahaifina, Malam Ilyasu, daga ɗakinmu na haya a unguwar Nuzla, nan Jidda. Ba a yi wani taro ba. Maƙwabta da 'yan kasuwar Bab Makka ne suka yi masa salla bayan la'asar, suka kai shi makwancinsa, suka dawo suka buɗe shagunansu. A ƙasarmu Garsaba kuwa ko a rediyo ba a faɗa ba. Amma bara waccan an yi masa jana'iza ta biyu a can, da sojoji da badujala da tutoci. Waccan jana'izar ce ta sa na ɗauki alƙalami a bana, don ɗana Anas na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar.

Wanda bai san Garsaba ba, ya sani cewa jam'iyya ɗaya ce ke mulkinta tun ina goye, Jam'iyyar Asali da Tsari, wadda kowa ke ce wa Asali. A makarantun can ana koya wa yara cewa don ceton ƙasa aka kafa ta. Baba, wanda aka kafa ta a gabansa, cewa yake don ceton auduga ne. Ma'aikatan gidan gurzar auduga suka yi yajin aiki, manoman da ke noma gonakin manya suka fara tambayar me ya sa su ne da gumi wasu da rumbu, sai cikin manya ya ɗuri ruwa. Suka taru a zauren wani attajiri, masu gonaki da fatake da malaman da ke cin tuwon gidajensu. Dukiya suna da ita, tsoro ma suna da shi, abin da za su gaya wa talaka ne babu. Sai suka ɗauko wani matashin malamin makaranta mai zaƙin baki ya tsara musu magana. Wannan matashin shi ne mahaifina.

Shi ya ƙirƙiro musu taken da har yau ake rubutawa a bangon kowace makaranta: kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi. Magana ce mai kama da wa'azi, shi ya sa ta shiga. Mai gona ya tsaya a kan gonarsa, mai fartanya ya tsaya a duƙe. Da ita suka ci zaɓen farko, kuma tun daga ranar ba su sake yin zaɓen da ba su san sakamakonsa tun kafin a buga ƙuri'u ba. Suka rushe ƙungiyoyin ƙwadago. Suka rufe jaridu sai guda ɗaya, wadda aikinta buga fuskar shugaban jam'iyya, da ake kira Jagora, yau yana yanka kyalle gobe yana shafa kan maraya. Suka tara zauna-gari-banza suka ba su kulake da shuɗiyar hula, suka raɗa musu suna 'Yan Garkuwa. Na tuna ranar da suka bi ta layinmu suna jan wani tela a ƙasa, laifinsa ya ce farashin zare ya hau. Baba yana tsaye a ƙofar gida. Ya ce mu shiga ciki, ya ja ƙofa.

Ba zan wanke shi da sabulu ba don ya mutu, shi ma bai wanke kansa ba yana raye. Jam'iyya irin wannan ba ta zama babu abokin gaba, kuma da ta gama da ma'aikata sai ta rasa wanda za ta daka. Nan ta fito da Dokar Asali: duk wanda bai iya kawo shaida cewa a cikin Garsaba aka haifi kakansa ba, baƙo ne, ba shi da ƙuri'a, ba shi da gona, ba shi da takardar zama ɗan ƙasa. Baba ya zagaya ƙauyuka yana yi wa mutane bayanin amfanin dokar. Sai da masu bincike suka gano cewa kakan mahaifiyata bafatake ne daga ƙetaren kogi, sannan ya ji zafin abin. Abokan zaure suka ba shi shawara cikin ruwan sanyi, ya sallame ta ya riƙe kujerarsa. Ya ƙi. Ya miƙe a babban taron jam'iyya ya ce dokar zalunci ce, kuma shi ma azzalumi ne da ya tallata ta. Kafin watan ya ƙare an soke asalinmu gaba ɗaya, har da shi da aka haifi kakanninsa a gindin tsamiyar garin. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Aikin Hajji ne ya zama mana hanyar tsira, muka zo ba mu koma ba.

Akwai wani hoto na waɗanda suka kafa jam'iyya, wanda ke rataye a kowane ofishi a Garsaba. Bayan tafiyarmu aka gyara shi. Inda Baba yake tsaye aka sa tukunyar fulawa. Wani alhaji ya kawo mana shi a jikin kalanda, Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce tukunyar ta fi shi amfani, don ita ba ta cuci kowa ba.

Sauran rayuwarsa a shagon yadin wani Bayamale ya yi ta a Bab Makka, yana awo yana yanka. Kowace shekara bayan Hajji manyan Asali sukan cika kasuwar sayen tsaraba, da tumbinsu da masu riƙe musu jaka. Da yawa sun shiga shagon sun gan shi. Wani minista da ya kwana a gidanmu ba sau ɗaya ba, da idonsu ya haɗu, sai ya koma yi masa gurguwar Larabci, wai bai san yana jin Hausa ba. Baba ya auna masa yadinsa ya naɗe masa. Da ya dawo gida yake ce mana, mutanen nan in sun je jifan Shaiɗan, shi yana ganin gaisuwa suke kai wa ubangidansu.

Mu mukan yi dariya, amma dariyar ba ta sabunta iƙama, wato izinin zama a ƙasar nan. Takardar zama a nan sai da fasfo, fasfo kuwa sai ofishin jakadancin Garsaba, su kuma sun ce ba su san da mu ba. Anas a Jidda na haife shi, mahaifinsa ɗan gudun hijira ne irinmu, ya rasu ya bar shi ƙarami. Yaro ya tashi ya zama saurayi ba shi da ƙasa, ba a nan ba, ba a can ba. Ya iya gyaran na'urar sanyaya ɗaki fiye da masu shago, amma a ɓoye yake aiki, kuma in ya hango motar 'yan sanda sai ya shige lungu kamar ɓarawo. Ya nemi wata yarinya a unguwar Balad, iyayenta suka ce suna son shi, amma ba za su ba da 'yarsu ga wanda za a iya kamawa gobe a rasa ƙasar da za a kai shi ba. Ban ga laifinsu ba.

Ana haka jam'iyya ta cika shekara hamsin. Jagora na farko ya mutu, ɗansa ya gaji kujera kamar gonar gado, kuma yana neman tsofaffin sunaye da zai jingina da su. Ya gina wa waɗanda suka kafa jam'iyya wani ƙaton hubbare na marmara. Matsalar ita ce ubansa ya ɗaure wasu, ya kori wasu, wasu kuma har yau ba a san inda ya kai su ba. Sai aka tuna da tukunyar fulawa.

Wani jami'i daga ofishin jakadanci ya sallama mana, turarensa ya riga shi shigowa. Ya zauna a kan tabarmar da Baba ya cika a kanta, yana kirana Hajiya 'yar gwarzo. Wai Jagora ya umarta a mayar da ƙasusuwan Malam Ilyasu gida cikin girmamawa. Na ce da Anas ya kai shi maƙabarta ya gani da idonsa. A nan ƙasar ba a rubuta suna a kabari, ba a gina komai a kai. Fili ne shimfiɗe, sai ƙananan duwatsu, kuma in shekaru suka ja akan sake binne wani a wurin. Sarki da talaka ɗaya ne. Anas ya ce ya tsaya ya nuna masa ɓangaren da yake zato, ya ce masa, "Wallahi jaddi, kakana, yana nan, amma inda yake, Allahu a'alam."

Na zaci kunya za ta kama mutumin. Ashe ban gama sanin jam'iyyar da ubana ya haifa ba. Ya dawo ya gyara zaman babbar rigarsa ya ce, "Hajiya, wannan ba abin damuwa ba ne. Akwati ai a rufe yake." Abin da suke so kawai, jinin marigayi ya bi bayan akwatin, ya faɗa a gaban jama'a cewa kakansa ya mutu da ƙaunar Asali a ransa. In an yi haka, fasfo ya samu, na Anas da nawa.

Bayan fitarsa Anas ya tambaye ni, "Ya ummi, jaddi zai yafe mini?" Na ce masa ya tafi. Dokar da ta hana shi ƙasa, kakansa ne ya zagaya ƙauyuka yana tallarta. In sunan nan ya yi wa azzalumai aiki shekaru, bai yi yawa ba ya yi wa jikansa aiki na yini ɗaya. Nawa fasfon na ce su riƙe abinsu, ba inda za ni.

A waya na kalli jana'izar. Na ga Jagora ƙarami yana matsar ƙwalla da farin hankici a kan mutumin da ubansa ya kora. Na ga tsohon ministan nan mai gurguwar Larabci, ana riƙe da shi saboda tsufa, yana ba da labarin amincinsa da Malam Ilyasu cikin Hausa garau. Na ga ɗana sanye da babbar rigar da suka ba shi, kafaɗarsa a ƙarƙashin akwati, idonsa a ƙasa. Da ya dawo ya gaya mini ko yashin ba na Jidda ba ne. Wofi aka ɗauko akwatin a jirgi, sai da aka sauka aka cika shi da buhunan yashi daga wani gini kusa da filin jirgin. Yanzu sojoji na sara wa wannan yashi kullum safe, ana kuma kwaso yaran makaranta su yi masa fatiha.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da ya ga wannan. Na san zai fara da dariya har tari ya sarƙe shi. Zai ce shekara hamsin suna sayar wa mutane akwati a rufe, yanzu ne kawai suka sa masa sunansa. Bayan nan zai yi shiru, irin shirun da yakan yi in an ambaci telan nan na layinmu, don ya san yaran da ake kwasowa jikokin waɗanda ya yi wa zaƙin baki ne.

Anas ya sami iƙamarsa, yana aiki a fili, ya auri yarinyar Balad, Allah ya ba su 'ya mace. Amma fasfo yana da wa'adi, kuma ofishin da ya bayar shi ne zai sabunta. Suna karanta jarida, ba kuma su da yafiya. Don haka kafin in miƙa wa 'yan jarida wannan rubutu na karanta wa Anas shi tun daga farko, na ce in ya ce a yaga, a yaga, domin shi ne zai ji a jikinsa, ba ni ba. Ya jima yana kallon jaririyar a cinyarsa. Sannan ya ce, "Ki kai musu, ya ummi. Khalas, magana ta ƙare. Ni na ɗauki akwatin, na san abin da ke ciki. Ba na so wata rana a kai 'yata ta yi wa yashi fatiha."

In na auna abin da ya rage na Malam Ilyasu, takensa na nan a bango yana ci gaba da ɓarna, wannan kuwa tsakaninsa ne da Ubangijinsa, ina roƙa masa rahama. Gida bai bari ba, gona bai bari ba, kabarinsa ma ba mu san shi ba. Hali ɗaya ya bar mana: mutanen gidanmu mukan makara wajen cewa a'a, amma in mun faɗa ba mu janyewa, ko da za ta ci mana ƙasa. Shi ta ci masa. Jikansa ya san tana iya ci masa, ya ce a buga.