Lambar da aka wanke da tsamiya

Shekara huɗu na yi ina kasa tebur a kasuwar gwanjo ta titin High Point, a nan ƙasar Turawa, kowace Asabar. Hula da turare nake sayarwa, har wani tsohon soja mai tebur kusa da nawa ya koma wajen 'yarsa ya bar mini kwalayen lambobin soja, irin ƙananan nan da ake maƙalawa a gaban riga. Kafin ya tafi ya koya mini aikin. Gaban lamba na mai saye ne, mu bayanta muke dubawa: irin maƙalin, nauyin ƙarfen, tambarin maƙera, da ɗan rubutun da aka buga. Turawa masu tara su kuwa, in ka goge tsatsar kamar ka zagi iyayensu. Mutum ya ga abu da datti ya ce shi ne kyansa! Ni dai nawa ido.

Wata Asabar wani Alhaji ɗan Damagaram da muke sallar Juma'a tare ya zo da jakar fata 'yar mitsitsiya. Direban tasi ne, ba mai yawan magana ba. Ya ce mahaifinsa sojan Faransi ne, an kai shi yaƙin Indoshin, can gabas mai nisa, lokacin shi Alhaji yana goye, bai dawo ba. Abokin tafiyarsa ne ya kawo wa gyatumar Alhaji wannan lamba. Yanzu ɗiyarsa da ke jami'a ta ce in an san rundunar, ana iya rubuta wa Faransi a gano inda aka binne shi.

“Malam, nimeron, wato lambar rundunar, kawai nake so ka karanta mini. Ni idona ya yi rauni.”

Ya zazzage ta a tafin hannuna. Tana ƙyalli kamar sabon kwabo. Fentin gaba ya tafi duka, sai alamar jinjirin wata. Rundunoni barkatai ne suka yi amfani da jinjirin wata. Na juya baya, na sa gilashin ƙara girma, na karkata ta wajen haske. Sumul, kamar bayan cokali.

Na ce, “Alhaji, da me ake goge ta?”

“Toka da tsamiya mana, yadda ake wanke tasa. Inna kowace Juma'a sai ta wanke ta. Da ta rasu na ci gaba. Nan ma da babu toka, sodar kicin nake sawa da lemun tsami.” Har da murmushinsa. “Jiya ma na ƙara, don kar in kawo maka ita da datti.”

Na iya ƙarya irin ta kasuwa, wallahi na iya. Da na ambaci kowace runduna zai karɓa ya gode. Amma yarinyar za ta rubuta wasiƙa, a aiko musu da kabarin wani. Sai na gaya masa gaskiya, cewa a da rubutun a bayan nan yake, wankin ne ya cinye shi, kuma babu wanda zai iya dawo da shi. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Ya karɓi gilashin ya duba da kansa, ya daɗe. Wata mata ta tsaya tana shinshina turare, ban kula ta ba.

Ya ce, “Ina yaro akwai rubutu. Ina jin sa a yatsana. A lokacin ban iya boko ba.”