Inhelar Yohanna

Yau sakamakon jarabawata ya fito, na haye, har da lissafi. Yatsana na ƙaiƙayin in watsa a sitatus, amma bari in fara ba ku wannan.

Da ni yaron kirki ne a unguwar Makera ta Kaduna, ni ke ɗebo wa Mama ruwa kafin makaranta. A aji huɗu na sakandare na fara ɗauke biro, sai caja, sai waya. Hannu ya saba, jakar kowa kamar tawa.

Akwai wani Yohanna a ajinmu, ɗan unguwar Kudenda. Tafiyarsa a hankali, kamar yana bin wani kiɗa da shi kaɗai ke ji. Ya taɓa faɗa wa wata yarinya cewa shi a ransa mace yake jin kansa, kafin a tashi kowa ya ji. Muka sa masa Anti. Duk wanda ya ga dama ya mare shi ya wuce.

Ranar wasannin makaranta na laluba jakarsa, na ciro wani ɗan abu shuɗi mai murfi. Na ɗauka turaren mata ne, na fesa a hammata, gayu suna ta dariya.

"Don Allah ba ni, ba turare ba ne."

"Anti, yau ba kwalliya."

Na cilla shi bayan katanga. Mu huɗu muka tare shi a bayan aji, ni na fara kai duka. Da ya faɗi, ƙirjinsa ya kama ƙara kamar usur, yana nuna katangar da hannu. Ashe inhela ce, maganin asma. Ni ban taɓa ganin irinta ba.

Shi aka kai asibiti, ni gidan gyaran hali, shekara biyu. A can ko da rana na lumshe ido sai in ga abin nan shuɗi yana tafiya a kan kogin Kaduna, ina bi, ruwan yana ƙara faɗi.

Da na fito na je Kudenda da sabuwar inhela. Mamansa na suyar ƙosai, ko ɗago kai ba ta yi ba. Yohanna ya fito, ya rame. Ya jujjuya ta a hannu.

"Yanzu ka san ko mece ce?"

"Na sani."

"To, sauka lafiya."

Bai ce ya yafe ba. Bai sake komawa makaranta ba.

Ƙannena, na tuba, kuma ina roƙonku: ku cire hannu daga jakar mutane, ku cire shi daga jikinsu. Ko tafiyar mutum ba ta yi muku ba, ku bar shi ya shaƙi iskarsa. Yau na duba jerin waɗanda suka ci tun daga sama har ƙasa. Sunana na nan. Yohanna ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba.