Abin da Inna ta gani ta yi shiru

Jiya ni da Inna muna cikin mota daga Gazawa za mu kai yayana asibiti a Maradi, shi yana ta amsa muryoyin da ba ma ji. Na kasa natsuwa, sai latsa waya nake.

Na ce, "Inna, wai a ƙasashen waje ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, na'ura ta gano taɓin hankali tun bai yi ƙarfi ba."

Ta ce, "Ni tun shukar bara na gani, da ya daina cin tuwo cikin mutane."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Ɗan fari ne, Hadiza. Ko sunansa ba na kira. Da wane baki zan ce ina lura da shi?"

Maganar nan ta ƙi barina. Don Allah ku gaya mini, wannan kunyar tamu wa ta yi wa magani?